Gargaɗi Kan Mai Tallar "Man Ƙarfafa Antibayotik" a Katsina

Ina jan hankalin jama'ar Katsina game da wani mutum da ke yawo da mota mai lasifika a wajejen Ƙofar Ƙaura da bakin Babbar Kasuwa, yana sayar da wasu ƙananan kwalabe da ya ce tataccen man kanumfari ne da na kirfa. Da'awarsa ita ce idan aka ɗiga man a ruwa aka kora kafson antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, da shi, duk ƙwayar cutar da ta bijire wa magani za ta mutu cikin kwana biyu, don haka babu buƙatar ƙarasa maganin da likita ya rubuta.

Ƙanin mahaifina ya saya saboda ciwon mafitsara da ya daɗe yana damunsa. Na riƙe kwalbar da hannuna: ruwan ƙasa ce, an manna mata takarda da gam, babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewar aiki, kuma ƙamshinta ya fi kama da turaren ɗaki. Ya bar maganinsa a rana ta uku kamar yadda mai motar ya umarce shi, bayan mako guda kuwa zazzaɓi ya dawo fiye da na farko, ga ƙunar maƙogwaro da amai.

Abin da ya sa yaudarar ke shiga mutane shi ne an gina ta a kan guntuwar gaskiya. Masana sun gwada sinadaran da ke cikin irin waɗannan mayuka, kamar yujinol na kanumfari, sun ga suna raunana bangon bakteriya har wani antibayotik ya ƙara kama su. Sai dai mafi yawan gwaje-gwajen a ɗan faranti aka yi su cikin ɗakin bincike, inda man ke taɓa ƙwayar cutar kai tsaye. Jikin ɗan Adam kuwa yana da ciki da hanta da ƙoda, waɗanda ke sarrafa abin da aka sha kafin ya isa inda cutar take, kuma man kanumfari idan ya yi yawa yana lalata hanta, musamman ga yara. Mai motar yana nuna hoton farantin a wayarsa, amma ba ya faɗin wannan.

Mafi muni a ganina shi ne umarnin yanke magani. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi kashedi cewa shan maganin da bai kai adadi ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai. Ke nan mutumin yana rura wutar da yake iƙirarin kashewa, kuma ana biyansa.

Duk wanda magani ya ƙi yi masa aiki ya koma asibiti, ya nemi a yi gwajin fitsari ko na jini da ke nuna maganin da ƙwayar cutarsa ke ji. Wanda ya saya ya ajiye kwalbar, ya kai ta ofishin NAFDAC. Baffa dai sai da aka canza masa magani zuwa allura, kuma kwalbarsa tana hannuna ga mai son gani.