Shirin siyasar dare na wata FM nan Sakkwato, tauraro biyu na ba shi

Shekara ta huɗu ke nan ina sauraren wanga shiri, kusan kullum bayan Isha'i teburin mai shayin unguwarmu nan Mabera, don haka in na yi magana ba jita-jita ba ce. Sunan gidan ba ni faɗi, masu saurare sun gane.

Abin yabo dai akwai. Tashar na kamawa tas, ƙanena da ke Bodinga ma yana jin su ba shashsheƙa, kuma mai gabatarwa ya iya Hausa wallahi, muryarshi kamar ta mai wa'azi. Ba su makara, ƙarfe tara ta buga sun shigo.

Amma ma'auninsu biyu ne, shi ya sa na rage musu tauraro ukku cikin biyar. Ran wata Talata wani dattijo ya kira ya ce takin da anka ce an raba bai iso ƙauyensu ba, a tambayi kansila ina ya kai shi, ko rufe baki bai yi ba anka datse layin, mai gabatarwa ya ce "Baba a kiyaye harshe, hukuma na saurarenmu". To madalla. Kwana biyu tsakani sai ga wani sojan baka na ɓangaren masu mulki ya saye fili, minti ashirin cur yana tsige wani ɗan adawa, ya kira shi ɗan ƙwaya, ya koma kan asalin uwarshi, abin da ko a tasha ba ka faɗa ma mutum ka kwana lafiya, shi ko mai gabatarwa sai dariya yake yana "Honarabul a yi haƙuri a sassauta". Mai shayinmu da ke zuba madara sai da ya aje gwangwanin ya yi salati.

Kada wani ya ce don jam'iyyata anka taɓa. Kafin 2023 ma haka suke, lokacin waɗanda ake datse ma layi yau su ke zagi son ransu, da mulkin jiha ya sauya hannu sai almakashin ya juya. Kuma wannan fakewa da hukuma da suke yi ni dariya take ba ni. Gaskiya ne NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5 a 2020, ta ci Trust TV miliyan 5 a 2022 kan rahoton 'yan bindiga, ta ci Channels haka a 2023 kan hirar Datti Baba-Ahmed, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa na jam'iyyar Labour a zaɓen 2023, har kotun tarayya ta Abuja ta ce ba ta da hurumin cin tara. Amma tsoron nan ban taɓa ganin ya kama su ba ranar da mai kuɗin fili ke magana, sai ranar mai tambayar taki.

Ni ma na gwada sa'ata satin da ya wuce. Na kira, anka ɗauka, na yi sallama na ce ina da tambaya kan maganar uwar mutum da anka bari ta fita ran Alhamis, sai na ji ƙit, can rediyon mai shayi kuma ana cewa netwok ya ɗauke mai kiranmu daga Mabera. Na duba waya, sabis cike yake.