Gargaɗi ga masu son musayar bindiga ta intanet a nan Amurka

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah duk ɗan uwanmu da ke zaune a Amurka kuma ya mallaki bindiga ta halal ya tsaya ya karanta wannan, ko ya tura ma wanda ya sani. Ni dala 250 ta tafi, kuma wallahi ba kuɗin ne suka fi ɗaga min hankali ba, abin da na kusa jefa kaina ciki ne.

Ina zaune a Houston, jihar Texas, ina da libarba irin mai juyi ɗin nan, Smith & Wesson 686, mai cin harsashi shida, na saye ta a shago da takardu bayan an fasa gidan maƙwabcina. Bindiga ce mai kyau ba ta taɓa sarƙe min ba ko sau ɗaya a wajen koyon harbi, amma nauyi gare ta, ta haura kilo ɗaya, kuma kunamarta tauri, maiɗakina ta gwada sau biyu tace hannunta ba zai iya ba. Shi yasa na fara tunanin in canza ta da fistol mai magazin, Glock 19, wadda take ɗaukar harsashi 15, ta fi sauƙin riƙewa kuma harsashinta na 9mm ya fi na .357 da libarbata take ci araha nesa ba kusa ba. Na yi wata biyu ina jujjuya maganar a raina, dan tsakani da Allah mai juyi tana da nata amfanin, babu wani ja baya ko saka magazin, ka ɗauka ka danna kawai, mutumin da ba ya yawan zuwa atisaye ita ta fi masa. Da na je shagon unguwarmu suka yi min tayin da na ga kamar sun karya ta da yawa, sai na ce bari in duba intanet ko zan samu mai yin bani gishiri in baka manda.

Nan na faɗa hannunsa. A wani shafin tallan bindigogi na ga mutum ya saka Glock 19 kusan sabuwa, da magazin uku da akwatinta, ya rubuta yana neman mai libarba su yi musaya. Na tura masa saƙo cikin minti goma ya amsa, yace yana Oklahoma, shi tsohon soja ne, mahaifinsa ya taɓa riƙe irin tawa shi yasa yake sonta. Magana mai daɗi, ya san sunan komai, har yana tambayata tsawon bakin bindigar inci nawa ne. Ga tsarin da ya kawo: in aika masa tawa zuwa wajen dillalinsa mai lasisi, shi kuma ya aiko tasa zuwa nawa, sannan in tura dala 250 ta manhajar tura kuɗi ta waya a matsayin kafin alƙalami, wai dan ya cire tallan tunda mutum uku na layi, in kaya sun iso hannun kowa ya maido min. Ya turo hoton lasisin tuƙi, ya turo takardar lasisin dillalin har da sa hannu. Na tura kuɗin a daren.

Abin da ya cece ni shi ne ban san yadda ake aika bindiga ba, sai na kai ta shagon nan da na raina tayinsu, nace su aika min. Dattijon da ke wajen ya karɓi takardar ya duba ya shiga kwamfuta, bai fi minti biyu ba ya juyo min da fuskar kwamfutar. Hukumar ATF, masu kula da harkar bindiga a ƙasar, suna da shafi kyauta mai suna FFL eZ Check, kana saka lambobi uku na farko da biyar na ƙarshe na lasisin dillali sai ya fito maka da sunan shagon da adireshinsa. Lambar gaskiya ce, shagon yana nan, amma adireshin da ke takardar da aka turo min daban da wanda ya fito. Wato ya samu kwafin lasisin wani bawan Allah ya goge adireshi ya saka nasa. Muka duba adireshin a taswira, gidan haya ne a wata jiha ma daban ba Oklahoma ba. Jikina ya yi sanyi a wajen.

Ku fahimci abin da zai faru da na aika. Tun dokar 1968 haramun ne ka miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisi a wata jiha, dole ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya da ake kira FFL, mai karɓa ya cike fom 4473, a bincika sunansa a tsarin NICS na FBI kafin a ba shi. Da ta tafi gidan nan, na farko na yi asarar bindiga, na biyu ta shiga hannun wanda wataƙila doka ta hana shi riƙewa shi yasa ya biyo ta bayan gida. Kuma lambar siriyal ɗinta da sunana take haɗe, duk ranar da aka tsince ta a wajen kisa ko fashi, za a bi sawu daga kamfani zuwa shago zuwa fom ɗin da na cike da hannuna, ƙofata za a fara ƙwanƙwasawa. Ka yi tunanin baƙo mai suna irin namu yana ma jami'ai bayanin cewa shi ma damfararsa aka yi. Wanda yake kan girin kad kuma, laifin bindiga yana iya taɓa zamansa a ƙasar gaba ɗaya.

Da na koma gida na zauna na bi saƙonninmu ɗaya bayan ɗaya, alamun duk suna nan ni ne ban gani ba. Na nemi mu yi kiran bidiyo yace kyamarar wayarsa ta lalace. Nace ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da bindigar ya ɗauka, yace ta riga ta shiga akwati an naɗe. Hotunan da ya saka na sa su a binciken hoto na Google sai ga su a wani tsohon talla na wani mutum daban, har da kafet ɗin ƙasa iri ɗaya. Ga gaggawa, kullum wai wani zai riga ni. Kuma ya dage sai dai irin turin kuɗin da ake yi wa ɗan uwa ko aboki, wanda in ka danna da hannunka ya tafi kenan, ko kuma katin kyauta ko Bitcoin. Mai sana'ar gaskiya yana karɓar katin banki, yana da lambar shago da za ka kira a ɗauka. Na kira banki suka ce tunda ni na tura da kaina babu tabbas za su dawo, har yau shiru. Lasisin tuƙin ma na tabbata na wani ne da suka cuta kafin ni, kuma abin da ke ci min rai shi ne nima na tura masa hoton nawa, yanzu ƙila da fuskata yake yaudarar wani. Dan Allah kar ku tura katin shaidarku ga wanda ba ku gani ido da ido ba, ni sai da na rufe bayanan bashina a kamfanoni ukun da ke ajiye tarihin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion, dan kar a ci bashi da sunana.

Yaranmu ɗalibai masu bizar karatu ku ma ku ji, a dokar tarayya mai irin wannan biza ba a yarda ya riƙe bindiga ba sai in ya shiga cikin 'yan keɓewa kamar lasisin farauta, duk wanda yace zai sayar maka ba takarda ba bincike rami yake haƙa maka. Kuma in ka ga ana tallan bindiga a guruf ɗin Facebook ka san tun 2016 kamfanin ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane, wanda ke yi a ɓoye yake yi.

Na kai rahoto shafin IC3 na FBI, inda ake kai ƙarar damfarar intanet, na kai wa 'yan sandan gari, dattijon shagon kuma ya kira masu lasisin da aka yi amfani da sunansu ya sanar da su. Maganar musaya kuwa, in har za ka yi, ka je shago da ƙafarka ka ɗauki bindigar a hannu, wuraren atisaye da yawa suna bada haya ka gwada kafin ka yanke shawara, ko da tayin shago ya yi ƙasa ka fita da rasit da sunanka a wanke. Ni dai tawa tana nan a kulle cikin sef, mun je da maiɗakina ta gwada Glock ɗin haya ta ji daɗinta, muna tara kuɗi mu saya a shago ba tare da mun rabu da tsohuwar ba.

Jiya da dare na sake leƙa shafin, tallan ya dawo da hotuna iri ɗaya, sabon suna, yanzu wai yana Arkansas kuma wai shi ma'aikacin kashe gobara ne. Na sake kai ƙararsa.