Sayen tsohon kwale-kwale: da rani ko da damina?

Masunta a bakin dam ɗin Dadin Kowa, kan kogin Gongola a Gombe, sun rabu biyu kan wannan.

Masu cewa rani suna da hujja mai ƙarfi. Daga Maris zuwa Afrilu ruwa ya ja baya, ana iya jawo jirgi tudu a kife shi, ka ƙwanƙwasa katakon gindinsa ɗaya bayan ɗaya, ka ga inda ya ruɓe, inda ƙusa ta yi tsatsa, da inda aka ɓoye faci da kwalta. Sai dai zafi na sa katako ya tsuke, gaɓoɓi su buɗe, har jirgi lafiyayye ya yi yoyo kafin ya sha ruwa ya kumbura. Wanda bai sani ba sai ya guji kaya mai kyau.

Da damina kuwa, ka shiga ka tuƙa, yoyo ba ya ɓuya. Amma gindin yana cikin ruwa, kuma mai shi ba ya gaggawar sayarwa.

Ni na fi son Mayu, lokacin da masunci mai gona ke neman kuɗin taki. A nan ciniki yake faɗawa.