Karen gadi mai zaɓen abinci: me ya kamata a saya masa a Accra?

A gidaje da yawa na Nima, Maamobi, Madina da Ashaiman ana ajiye kare ne domin gadi, kuma maigidan da ya sayi babban kare jinsin Boerboel ko German Shepherd da kuɗi masu yawa hankalinsa yakan tashi idan ya ga karen ya sunsuna kwano ya juya baya. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne a garzaya kanti a sayo abinci mafi tsada, karen ya ci kwana biyu ya sake ƙi, a sake sayo wani. Wannan canje-canjen shi ne yake koya wa kare cewa idan ya jira za a kawo masa wanda ya fi daɗi.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, wajibi ne a tabbatar cewa zaɓe ne ba ciwo ba. Karen da ke zaɓe yana ƙin abincinsa amma yana karɓar nama da sauri, yana haushi, yana zagaya gida kamar kullum. Wanda ya ƙi komai, ya kwanta lakwas, dasashinsa ya yi fari, ko yake amai da gudawa, likitan dabbobi yake buƙata. A yanayin Accra kaska tana da yawa, kuma cututtukan da take sa wa kare a jini sukan fara ne da rashin cin abinci; haka ma tsutsar ciki da ciwon haƙori. Babban kare da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu bai ci ba a kai shi asibiti, kwikwiyo kuwa ba a jira da shi har haka, domin cutar parvo tana kashe ƙananan da ba a yi musu rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a La, akwai kuma na ƙananan dabbobi a Jami'ar Ghana da ke Legon.

Idan lafiyarsa ƙalau, zaɓi na farko shi ne busasshen abinci na buhu, irin su Pedigree da Purina da Royal Canin, waɗanda ake shigowa da su daga waje, farashinsu kuma yana hawa da sauka tare da dala. Amfaninsa a bayyane yake: an riga an auna sinadaran da jiki ke buƙata, ba ya neman firji, kuma yaron gida ma zai iya auna shi ya zuba. Sai dai shi ne kare mai zaɓe ya fi rainawa, saboda ruwan da ke cikinsa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, don haka ƙamshinsa ba ya tashi. Kare da hanci yake yanke hukunci a kan abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshensa kusan 1,700 ne kawai, alhali na mutum sun kai kusan 9,000. Saboda haka ɗan ruwan ɗumi ko romon kaza marar gishiri da albasa, idan aka zuba aka bar shi minti biyar, yakan yi aikin da sabon buhu mai tsada ya kasa yi.

Wajen sayen buhu akwai abubuwan da ban yarda a yi sakaci da su ba. A duba ko an rubuta kalmar "complete" a jiki, wato abincin ya isa shi kaɗai, domin wanda aka rubuta "complementary" ƙari ne kawai. A duba jerin kayan haɗi, wanda ake farawa da abin da ya fi nauyi a ciki. Idan nama ko kaza ne a gaba ya fi wanda masara ta cika shi. Ma'aunin da ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin abincin dabbobi, ta gindaya shi ne furotin kada ya gaza kashi 18 cikin 100 ga babban kare, kashi 22.5 ga kwikwiyo mai girma. Sannan a duba ranar lalacewa. Babban buhu na kilo 15 ko 20 ya fi araha idan aka lissafa kilo-kilo, amma ga kare ɗaya mai zaɓe araha ba ta ado: da zarar an buɗe buhu, zafi da laimar Accra, musamman daga Afrilu zuwa Yuli lokacin manyan ruwan sama, suna sa maiƙon ciki ya canza wari, wani lokaci har fumfuna ta kama shi, kuma fumfunar masara tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Sau da yawa karen da ake zargi da zaɓe ya ji warin lalacewa ne tun kafin mai shi ya ji. Ya fi kyau a fara da ƙaramin buhu, a sayi abin da zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa mako shida, a ajiye shi a cikin ledarsa a bokiti mai murfi, nesa da rana da ƙasa. Wanda ake aunawa a buɗe a ƙulla a leda kuwa, ba a san ranar da aka buɗe shi ba, kuma ba na ba da shawararsa.

Abincin gwangwani shi ne kare ya fi so, domin kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke ciki ruwa ne, ƙamshin nama kuma yana tashi nan take. Amma wannan ruwan ne kake biya, kuma ciyar da Boerboel mai kilo 60 da gwangwani zalla ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Idan an buɗe shi dole ya shiga firji a gama da shi cikin kwana biyu zuwa uku, abin da ke da wuya a unguwar da ake yawan ɗauke wuta. Gurbinsa shi ne cokali biyu a cakuɗa cikin busasshen abinci, ko kuma ga tsohon kare mai ciwon haƙori da wanda ya tashi daga jinya.

Zaɓi na uku, girkin gida, shi ne mutanenmu suka fi sabawa da shi, kuma a nan ne ake samun mafi kyau da mafi muni. Mafi munin shi ne ragowar tukunya: waakye da shito, banku da miyar barkono, tuwo da miyar da aka cika wa albasa da dunƙule. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare a hankali. Kifin gishiri irin su koobi da momoni ya yi masa yawa. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya soki hanji. Cakulan, inabi da zabibi guba ne gare shi, haka ma goro, wanda a gidajenmu ba a rasa shi a kan tabarma ko a aljihun riga, domin yana da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda jikin kare ba ya iya ɗauka. Bayan haɗarin, ragowar miya ita ce babbar mai ɓata kare, saboda wanda ya saba da maiƙo da gishiri ba zai kalli abincin buhu ba.

Girkin da aka yi domin kare daban ne. Ana iya samun tumbi, zuciya, huhu da guntattakin nama a wajen mahautan kasuwar Nima ko Madina da sauƙin kuɗi, a dafa ba gishiri ba yaji, a haɗa da shinkafa ko dankali, da kabewa ko karas, da dafaffen ƙwai. Hanta a sa kaɗan, don yawanta yana kawo gudawa. Raunin wannan hanya shi ne kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi: nama da shinkafa kaɗai ba su da isasshensa, kuma kwikwiyon babban jinsi da aka raina a haka ƙafafunsa sukan lanƙwashe. Wasu suna daka ɓawon ƙwai ya zama gari su barbaɗa, amma gwargwadon da ya dace da nauyin karen likita ne zai faɗa. Ɗanyen nama, wanda wasu masu kiwo ke yabawa, ba na goyon bayansa a gidan da yara ke wasa a tsakar gida, domin naman da ya wuni a kan tebur cikin zafi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, kuma kare yana yaɗa su ta baki da kashi.

A ganina, ga gida mai kare ɗaya ko biyu, matsakaicin busasshen abinci cikakke, tare da ɗan dafaffen nama ko romo a kai, ya fi sauran dacewa da aljihu da lafiyar dabbar. Ƙarin kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, kuma a cakuɗa shi sosai yadda ba zai tsince naman ya bar sauran ba. Mai karnuka da yawa da ke kusa da mayanka zai iya rinjayar da girkin gida, muddin ya nemi tsari daga likita.

Duk wanda aka zaɓa, a shigar da shi a hankali cikin mako guda, ana ƙara sabon ana rage tsohon, don sauyin gaggawa yana ɓata ciki. A ba shi sau biyu a rana, da sassafe da bayan magariba lokacin da zafi ya sauka, domin kare ba ya son ci da tsakar rana. A ajiye kwanon minti 15 zuwa 20. Idan bai ci ba a ɗauke, kada a ba shi komai sai ruwa har lokaci na gaba. Wannan yana buƙatar haɗin kan gida duka, tun daga uwargida har yaran da ke jefa masa ƙosai a ɓoye. Kwanon ya zama na ƙarfe, nasa shi kaɗai, ana wanke shi kullum, saboda roba tana riƙe wari da maiƙo. Kare mai lafiya yakan koma cin abincinsa cikin 'yan kwanaki a wannan tsari, idan kuma ya ci gaba da ƙi ko haƙarƙarinsa ya fara fitowa, a mayar da shi wurin likita a gwada jininsa.