Wasiƙa daga Kumasi: motar da ba a taka mata kuloci, amma kulocinta ke ƙonewa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gida. Mu ma nan Aboabo lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso kan ƙaramar motar da aka yi maka tayi a Kano, wadda kake son ba yaro ya riƙa haya da ita. Ka ce dillalin ya ce otomatik ce, ba ta shan mai, kuma kuɗinta bai kai na sa'o'inta ba. A hoton da ka turo na duba sandar giyar da kyau, ban ga harafin P ba, sai R da N da E da M. Yaya, ka dakata tukuna. Irin waɗannan motocin kullum ana jawo su Magazin, unguwar masu gyaran mota a nan Kumasi, inda nake zaman shago, kuma kusan duk ciwonsu ɗaya ne.

Wannan ba otomatik ɗin da ka sani ba ce, irin ta Corolla da Camry 'yan Amurka. A cikin waccan, mai ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya kai wa giya, shi ya sa ko ka wuni a cunkoso da ƙafarka a kan birki babu abin da ke gogar wani. Ita kuwa wannan giyabos ɗin manuwal ne sak, da farantin kulocinsa busasshe guda ɗaya. Ƙafar kulocin kawai aka cire, aka ɗora wata 'yar na'ura da kwamfuta ke ba umarni, ita ke taka kuloci ta sa giya a madadin direba. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata. Toyota na cewa MMT a Yaris da Auris da Corolla 'yan Turai, Opel na cewa Easytronic, Fiat Dualogic, Suzuki kuma AGS, wadda ta fara fitowa a Celerio a Indiya a 2014. Manyan tireloli ma irinta gare su, kamar I-Shift na Volvo. Ba aikin banza ba ne, kuma maganar rashin shan mai gaskiya ce.

Wannan rashin shan man shi ya sa ta samu shiga a nan. Tun 2015 gwamnatin Gana ta sakar wa kasuwa farashin fetur, sau biyu a wata ake sake duba shi, don haka mutanen nan sun daɗe da sabawa da ƙananan motoci. Mu a Najeriya sai da aka cire tallafi a 2023 muka fara lissafin lita. Idan ka tsaya a Kejetia za ka ga tasi masu rawayen kusurwa, Picanto da i10 da Vitz, ƙanana ƙanana, abin da a Kano a da ake rainawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Direba ya sa giya, ya ɗaga ƙafa kaɗan daga birki, mota ta fara rarrafe, shi a ransa otomatik yake tuƙawa. Alhali a ƙasa kwamfutar ta riƙe kuloci rabi da rabi, faranti na gogar ƙarfe. Minti ɗaya ko biyu ba komai. Amma ka ɗauki mutumin da ya fito daga Tafo zai shiga Adum da safe, taku ɗaya birki, taku ɗaya birki, ga fasinja huɗu ga kaya a but. Sannan Kumasi ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne kamar Kano, hawa ne da gangara. Abin da ya fi kashe kulocin shi ne a tsaya a kan hawa a riƙe motar da totur don kada ta koma baya. Mai manuwal idan ya yi haka ƙafarsa za ta gaji, ya ji a jikinsa cewa yana ɓarna. Wannan ba ya jin komai sai ƙauri ya taso.

Wani maƙwabcinmu ɗan Zango, dattijo mai 'ya'ya a makaranta, haka ta same shi. Da fari motar ta soma fizga idan za ta tashi. Sai ƙaurin nan, sai fitila ta kama a dashbod tana ƙara. Rannan a tsakiyar titi ta zare giya da kanta ta koma firi, harafin N na ƙyaftawa, ta ƙi motsi sai da ta huce. Na je na tsaya a kansu ranar da aka sauke giyabos ɗin. Baƙar ƙura ce ta fara zubowa a hannun yaron garejin. Farantin ya cinye har kawunan ƙusoshinsa sun fito suna ƙyalli, ƙarfen da yake mannuwa da shi ya yi tabo shuɗi shuɗi saboda zafi, boris ɗin kuma da aka juya shi da yatsa sai ƙara yake. Dattijon bai ce uffan ba, ya dai zauna a kan tsohuwar taya yana jan carbi. Motar nan ita ce abincin gidansa, kuma da bashi ya saye ta. Abin ya tsaya mini a rai, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa irin motar da ya saya. Dillali otomatik ya ce masa, kamar yadda aka ce maka.

Batun gyara kuwa, dole in yaba wa mutanen nan. Magazin da ke Suame gari ne guda na masu gyara, dubban mutane, kuma kowa da fanninsa. Mai giyabos ba ya taɓa waya, mai waya ba ya taɓa injin. Idan aiki ya fi ƙarfin masta ba ya jin kunyar ya tura yaro ya kira wanda ya fi shi sani. Kayan da babu a nan, a buga waya Abossey Okai a Akra, a tura kuɗi ta MoMo, a sako shi a motar dare. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ma ba ta rasa kaya ba, kuma makanikanmu na gida wajen dabara babu wanda ya fi su. Sai dai mun fi son mutum ɗaya ya yi komai, wannan mota kuma ba ta yarda da haka.

Dalili shi ne sauya farantin rabin aiki ne. Kwamfutar ta riga ta saba da tsohon farantin da ya siranta, ta san daidai inda yake kamawa. An sa sabo mai kauri, yawanci akan jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari a goge mata tsohon lissafi, ta sake koyon inda sabon ke kamawa. Ina tsaye aka yi wa ta dattijon. Injin a kashe, makulli a buɗe, kana jin na'urar motar tana ƙas ƙas tana gwada giya ɗaya bayan ɗaya. Idan aka tsallake wannan, ko motar ta ƙi shiga giya, ko sabon farantin ya bi sawun tsohon tun ba a je ko'ina ba, mai mota ya ce an sayar masa da jabu. Ko a nan ba kowane gareji ke da na'urar binciken ba, kuma masu ita sun san darajarta.

Akwai abin da ban yarda da shi ba a nan. Ana ɗaukar tsohon faranti a sake liƙa masa sabuwar fata a buga ƙusa. A tsohuwar trotro, wato bas ɗin haya ta nan, wannan na tafiya, don ƙafar direba za ta daidaita. A wannan motar asarar kuɗi ce. Haka ita na'urar taka kulocin, yawanci ta hannu ake samu, wadda aka ciro daga motar da ta mutu a Turai, ba ka san shekarun da ta yi tana aiki ba, ga tsada. Na kuma ga inda aka ɗura wa irin wannan giyabos jan man otomatik, alhali man giyar manuwal yake sha. Batir mai rauni ma na rikita ta.

Da kai za ka riƙa tuƙa ta da kanka, da ban hana ka ba. Hannu ɗaya, an san halinta, za ta daɗe. A tsayawa mai tsawo a mayar da ita N. A cunkoso a bar tazara, a tafi gaba ɗaya a tsaya gaba ɗaya, ban da rarrafe. A kan hawa, ko gadar sama ce, a ja hambirki sannan a tashi. Lokacin da za ta canza giya a ɗan sassauta totur. Fitilar zafi ta kama, a gangara gefe a bar ta ta huce. Amma yaron haya da ke neman cika balas kafin magariba, tsakanin Bata da 'Yan Kura, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, wa zai tsaya masa a ka ya yi duk wannan? Don haya, ka nemi manuwal zalla. Kowane gareji a Kano zai gyara ta, farantinta kuma ko'ina akwai.

Idan duk da haka ranka na kanta, ka je da makanikenka ku tuƙa ta sai ta yi zafi sosai, ku tsaya a kan hawa ku tashi, ku gwada ribas, ku saurari fizga da ƙauri. Ka kuma tambaye shi ƙarara ko ya san mai na'urar da ke saita irin wannan giyar a Kano. Ka turo mini lambar shasi da shekarar motar, in tambaya maka kuɗin faranti da na'urar taka kuloci a nan kafin ku yi ciniki.

A gaida Hajiya, a ce mata goron na nan tafe da mutanen Juma'a.