Commodore 64 ko Macintosh Classic: wacce za ka fara ajiyewa?

Wa alaikumus salam Malam, barka da shigowa harkar tara tsofaffin kwamfutoci. Tsakanin Commodore 64 da Macintosh Classic ɗin da ka ce an yi maka tayinsu, ɗauki Commodore ka ƙyale ɗayar. Dukkansu sun zauna a ɗakina, amma guda ce har gobe nake kunnawa.

Commodore ɗin tawa irin ta farko ce, mai kaurin nan ruwan ƙasa, wadda aka fara sayarwa a 1982 a kan dala 595. A cikin tarkacen wani kawuna da ya yi karatu a Jamus na tsince ta, an naɗe ta da tsohon zani. Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne ba ta da jira. Kana danna makunni sai shuɗin allo ya bayyana, ta rubuta READY, ta tsaya tana sauraronka. Wata rana na zaunar da 'yata a gabanta, na ce ta rubuta 10 PRINT "SANNU BABA", a layi na biyu kuma 20 GOTO 10, sannan ta rubuta RUN. Sai ga gaisuwar ta cika talabijin tana kwarara ba tsayawa. Yarinyar nan ta yi tsalle har ta buge kujera. Da na nuna mata umarnin POKE 53280 da yadda lamba daga 0 zuwa 15 ke sauya launin gefen allo, sai da aka kira magariba uwarta ta zo ta janye ta da ƙyar. Yarinyar da ba ta iya rabuwa da wayar uwarta ce fa, amma a ranar ta gane cewa na'ura umarni take bi, kuma ita ma tana iya ba ta umarnin. Wannan kaɗai ya biya ni.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ainihin dalilina. Duk tsohuwar kwamfutar da ka saya, ka sa a ranka wata rana za ta kwanta. Idan ka buɗe Commodore za ka ga fanel mai faɗi, wato farantin da kayan lantarkinta ke kai, da ayisi (IC, 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke gudanar da aikin na'ura) manya masu ƙafafu da kake iya ƙirgawa da ido. Duk mai gyaran rediyo da talabijin da ya iya riƙe ƙarfen dalma da mita zai iya aiki a kanta, irin dattawan nan na Sabon Gari da suka gyara baƙi-da-fari tun muna yara. An sayar da ita sama da miliyan 12 kafin kamfanin ya durƙushe a 1994, don haka kayanta ba sa yankewa, kuma har yanzu masu sha'awa suna ƙera sababbi. Ayisin da ake kira PLA, wanda idan ya mutu allo ke yin baƙi ƙirin, akwai madadinsa sabo. Ba sai ka nemi faifai ko kaset ba, akwai ƙaramar na'ura mai suna SD2IEC da ke karanta katin memori, ita kuma kwamfutar ta ɗauka faifai ne.

Amma ka tabbata ta Turai ce. Talabijin ɗinmu tsarin nuna hoto na PAL yake bi, wutarmu kuma bolt 220 zuwa 240, daidai da na Jamus da Ingila. Ta Amurka wani tsarin hoto daban take bi, NTSC, adaftarta ta wuta bolt 110 ce, kuma wasanni da yawa da aka rubuta a Turai ba sa tafiya daidai a kanta. Ta Turai kuwa waya guda za ka saya, ka soka a ramin rawaya da fari na bayan talabijin, shi ke nan.

Abu guda da zan roƙe ka don Allah: kada ka jona ta da tsohuwar adaftar da ta zo da ita. Adaftar tana fitar da wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 9. Idan ta tsufa, ɓangaren bolt 5 ɗin yakan haura ba tare da wata alama ba, ya ƙone ayisin memori, wani lokacin har da na sauti. Yawancinsu kuma an cika cikinsu da wani danƙo mai tauri, ba sa buɗuwa balle a gyara. Sayi sabuwa tun kafin kwamfutar ta iso, ka haɗa da sitabilaiza, kuma kada ka kunna ta lokacin da ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta.

Macintosh Classic kuwa, kyakkyawa ce a kan kanta, ba zan hana ta wannan ba. Ta fito a 1990, allonta baƙi-da-fari ne inci 9, nauyinta ya kai kilo 7, kuma kwalbar allon ba ta son jijjigar hanya. A cikinta akwai ɗan batir mai bolt 3.6 da ƙananan kafasita waɗanda bayan shekara talatin suke zubar da ruwa su cinye layukan fanel. Ko buɗe ta sai da doguwar sukundireba ta musamman, kuma kwalbar tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire ta daga soket, ba wurin koyon hannu ba ne. Wadda na saya, mai ita ya rantse mini lafiyarta ƙalau, da aka buɗe sai ƙarni kamar na kifi, alamar kafasita sun zubar da ruwa. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka kan masu sayarwa, don a nan ake cutar sababbin shiga. Abin da ya fi daraja a cikin Commodore 64 shi ne ayisin sauti, SID, wanda Bob Yannes ya tsara. Shi ne ya sa har yau ake sauraron kiɗan wasanninta. Matsalar ita ce kwamfutar tana tashi lafiya lau ko babu shi a ciki. Sai mutum ya zare SID ya sayar daban, ya ɗauki hoton shuɗin allon nan da READY ya turo maka, ya ce ga ta tana aiki. Ba ƙarya ya yi ba, amma kurma ya sayar maka. Hoto bai isa ba. Ka ce ya yi bidiyo yana loda wasa kana jin sauti, ya kuma buɗe ta ya ɗauki fanel ɗin kusa yadda za ka karanta lambobin. A kan irin ta farko za ka ga 6581, a kan na baya-bayan nan masu siririn jiki yawanci 8580. Kada ka yarda a ce maka duk ɗaya ne: na farko bolt 12 yake ci, na biyu bolt 9, idan aka sa na biyun a gurbin na farko ƙonewa zai yi. Akwai kuma masu goge rubutun mataccen ayisi su buga sabo a kai, don haka SID mai arha da yawa abin tsoro ne.

Wanda ya rubuta maka cewa bai gwada ba saboda ba shi da waya, ka saye ta a farashin matacciya ko ka wuce. Sau da yawa ya gwada, abin da ya gani ne bai yi masa daɗi ba. Sannan akwai kwaikwayon Commodore 64 na zamani da aka fara fitarwa a 2018, da ƙarama da babba. Ba laifi ba ne a saye su, amma idan ka ga ramin HDMI ko USB a jikinta, ba ta 1982 ba ce, kada a karɓi kuɗin tsohuwa a hannunka.

Ajiya a wajenmu ƙura da zafi ne abokan gaba. Da hunturu ka rufe ta da kyalle duk lokacin da ba ka amfani da ita, don ƙura na shiga ƙarƙashin madannai su daina amsawa. Da bazara kada ka bar ta a kunne tsawon yini, kuma ka liƙa ƙananan ƙarafan sanyaya a kan SID da PLA da ayisin hoto, su ne masu ɗaukar zafi. Kada ka ajiye ta kusa da taga, rana na mayar da robar rawaya. Da damina kuma ka ɗaga ta daga ƙasa, ka riƙa leƙa kwalin saboda kyankyasai.

Idan ta iso kada ka yi saurin kunnawa. Turo mana hoton fanel ɗin da na ƙasan adaftar a nan, mu duba tare tukuna.