Na saya wa ɗana Shaihu Umar, aka aiko min da shi an cire uwar

Bari in fara da gargaɗi, don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa. In za ki sayi littafin Hausa wurin masu tallar nan ta WhatsApp, ki sa a buɗe miki shi shafi-shafi a bidiyo kafin ki tura ko sisi. Ni ban yi haka ba. Hoton bango kawai na gani, na tura kuɗi har da na mota, bayan kwana 3 direba ya kira ya ce a zo tasha a karɓa. Kuɗin kuwa ba sai na faɗa ba, kun san yadda littafi ya koma yanzu. Abin da na biya ya isa cefanen yini guda har da canji.

Malamin Hausa ne ya ce 'yan ajinsu kowa ya nemo Shaihu Umar. Yaron shekararsa 15, kuma ɗan fari ne, don haka ku yi min uzuri, ba zan kama suna ba. In ba ƙwallo ba sai waya, ban taɓa ganin ya ɗauki littafi don ra'ayin kansa ba. Ni kuwa har raina na ji daɗi, domin muna makarantar kwana na karanta littafin nan, a ƙarƙashin bargo da 'yar tocila, kuma har yau in aka ambaci Sahara abin da ke fara zuwa min shi ne ayarin raƙuman cikinsa.

Da aka kawo, tun daga ƙofa na san an yi min sakiyar da ba ruwa. Takardar kamar ta ƙunshin ƙosai, tawadar wani wuri ta yi baƙi ƙirin wani wuri ta koɗe, ƙugiyoyin ƙ da ɗ duk sun shafe, sai ka karanta "kofa" ka tsaya kana lissafi. Hoton wani tsohon bugu aka ɗauka aka manna masa bango mai ƙyalli. Na ce to, ai karatu ake so, ba ado ba. Na miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Umma, wai wannan Abubakar Tafawa Ɓalewan shi ne na jikin naira biyar?" Na ce shi ne. Abin da ya sani game da mutumin ke nan, hoton takardar kuɗin da ko alewa ba ta saye yanzu, sai kuma cewa Firayim Minista ne da aka kashe a 1966. Da na gaya masa ai lokacin da ya rubuta littafin bai fi shekara 21 ba, a 1912 aka haife shi, gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ya rubuta shi dominta, kuma a 1933 aka yi ta, shekarar da ya gama Kwalejin Katsina, sai na ga ya ɗaga gira. Wato yayansa ne ma a shekaru, ba wani tsoho mai rawani ba. Ina jin wannan ne ya sa ya buɗe shafin farko.

Kwana biyu ban ji komai ba. A na uku, bayan isha'i, ina ninke kaya a ɗaki, maigida ya fita majalisa, sai ga shi ya tsaya a bakin ƙofa da littafin a hannu. Ba ya shigowa ɗakina haka nan, sai in kira shi.

"Umma, wannan matar fa ba ta kyauta ba."

Na ce wace mata?

"Uwar Umar. Ta yi sabon aure, ta tafi garinsu ta bar shi a hannun mutane, aka sace shi. Shi ke nan kuma ba a sake jin ta ba, sai can a Tarabulus ya same ta. Da shi bai neme ta ba, da shi ke nan."

Na ajiye zanin da ke hannuna. Na ce kai, wane irin karatu kake yi? Matar da ta ƙare rayuwarta a neman ɗanta? Ya ce shi bai ga inda ta neme shi ba. Na karɓi littafin na hau duba lambobin shafi, sai ga abin: shafi 8 cur babu su, an maimaita waɗanda suka gabata a gurbinsu. Kuma a duk faɗin littafin ba a rasa inda za a yanke ba sai daidai inda uwar ta ɗauki ƙafa ta bi sawun ɗanta.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne abin zafi a shafi 8. Mahaifin yaron nan ya rasu yana ɗan shekara 3. Da na sake aure, dangin uba suka ce ba za a kai musu jininsu agolanci ba, aka bar shi wurin kakarsa. Shekara 5 yana can, ina zuwa ina dawowa da kuka a mota, sai da tsohuwa ta rasu sannan ya dawo hannuna. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ko sau ɗaya. Ga alkunyar ɗan fari, ga shi shi ma ba mai magana ba ne. Shi kuwa Umar na cikin littafi maraya ne tun yana ƙarami a Kagara, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki, ya zama agola. Ni da na karanta ina budurwa, wallahi ko kaɗan wannan bai tsaya min ba. Makircin fadawa da suka sa aka kori Makau na riƙe, da kurar da ta cinye ɓarawon yaro, da guguwar rairayi. Yaron nan kuwa duk ya wuce waɗannan da gudu, ya je ya tsaya cak a ranar da uwa ta tafi garinsu Fatika ta bar ɗa a baya. Can ya ga kansa, kuma bugun jabun nan ya hana shi jin ta bakin uwar.

Na ce zauna. Ya zauna a bakin katifa, nesa kaɗan. Na ba shi abin da na iya tunawa: yadda ta dawo ta tarar babu yaro, ta ƙi zama, ta bi labari har Kano, ta ji cewa wani Balarabe ya tafi da shi ƙasarsu. Yadda ta yarda da wanda ya yi alkawarin kai ta, ta bi ayari ta keta Sahara, mutumin ya ci amanarta ya mai da ita baiwa. Murzuk, wadda yanzu ke cikin Libiya, sannan aka sayar da ita zuwa Tarabulus. 'Yantacciyar mace da mijinta da danginta, ta ƙare a hannun masu saye da sayarwa don kawai ta sa ɗanta a ido. Ina cikin faɗa muryata ta fara rawa, na fake da tari. Bai dube ni ba, yana ta wasa da gefen bangon littafin da farce. Can ya ce, "To ai da ta san za a sace shi da ba ta tafi ba ko?" Na ce da ba ta tafi ba. Ya ce, "Hmm." Ya tashi ya yi min sai da safe. Iyakar abin da aka yi ke nan, amma a shekara 7 da dawowarsa ba mu taɓa kusantar maganar kamar daren nan ba.

Don haka in littafin kansa ake tambaya, ba ni da abin cewa sai Allah ya jiƙan marubucin. Siriri ne, yaro mai ƙyuyar karatu zai gama shi a zama biyu ko uku, Hausarsa ba ta da sarƙaƙiya, kuma ga shi shekara 90 da ɗoriya yana taɓa yaron da aka haifa a zamanin TikTok. Sai dai kada ki zata za su karɓe shi yadda muka karɓa. Nawa ya gama ya zo da ƙorafi buhu guda. Wai Umar ba ya fushi. An sace shi, an kai shi Kano cikin bayi, an wuce da shi Ber Kufa a Masar, uwarsa ta mutu a gabansa suna haɗuwa, amma kullum haƙuri, kullum ƙaddara. "Ko sau ɗaya bai zagi kowa ba, Umma." Na ce ai dattijon malami ne yake ba almajiransa labari a Rauta, bayan komai ya wuce, wutar ta riga ta zama toka. Bai gamsu ba. Sannan ya kawo wadda ni ban taɓa tunaninta ba: ta yaya Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar, zai zama mutumin kirki, ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a karatu har ya zama shaihi, alhali fataucin bayi ne ya kawo shi Kano? Sauran yaran da ba su yi sa'a ba fa? Na buɗe baki na rufe. A zamaninmu mun haddace sunayen garuruwa don jarrabawa, ba wanda ya yi wa malam wannan tambayar. Na ce ya kai wa malaminsu, shi aka biya.

Amma duk lokacin da na fara yabon nan sai in tuna matar da ta sayar min, raina ya sake ɓaci. Na tura mata hoton shafukan, ta karanta ta yi shiru kwana biyu. Da ta amsa, wai "Hajiya haka kamfani ya bugo." Wane kamfani? Littafin da ko sunan maɗaba'a babu a bayansa? Na ce a canza min ko a dawo min da kuɗina, ta ce kuɗin mota ba ya dawowa, kuma in na matsu in aiko da shi ta tasha, ni zan sake biya. Wato in biya mota sau uku a kan laifin da ba nawa ba. Abin da ya fi ci min rai, ta san 'yan makaranta take sayar wa. Yara nawa ne a ajin nan suke yawo da Shaihu Umar wanda uwarsa ba ta neme shi ba? In an zo jarrabawa su rubuta me? Ita dai ta ci ribarta. Wanda zai je kantin littattafai da ƙafarsa ya je, ya tsaya ya ƙirga shafi a gaban mai kanti, ko da za a ce ya cika ƙwaƙwa.

Na so in jefar da shi in sayo wani, yaron ya hana. Shekaranjiya ina share ɗakinsu na ga littafin a ƙarƙashin filo, ya yi kauri a tsakiya. Ashe ya yago takarda daga littafin rubutunsa, ya ari na abokinsa mai cikakke, ya kwafe shafukan nan 8 da biro, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza, ya manna su da gam a gurbinsu. Na mayar yadda na same shi, ban ce masa na gani ba.

Ita kuwa mai littafi, jiya na sake yi mata magana. Ta ce in ƙara haƙuri, sai sabbin kaya sun iso.